Dogon Kano zuwa Maraɗi: zai tayar da kasuwa ko sai ya kai teku?

Mai riɗi, Dawanau: Jama'a, ina nan a kan bakana. Wannan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ba zai tsinana wa kasuwancin Arewa abin kirki ba muddin bai haɗu da teku ba. Kilomita 284, kusan dala biliyan 2, tun 2021 aka ba kamfanin gine-gine na Mota-Engil kwangila. To riɗina da zoɓorodona ba Maraɗi za su ba, tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas za su, daga can a ɗora su a jirgin ruwa. Da kudu aka fara fuskanta.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, buhunka kaɗai kake kallo. Mu Nijar ba mu da teku. Shekara da shekaru ta tashar ruwan Kwatano a Benin kayanmu suke shigowa, su hau Parakou, su tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya ta Nijar. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe wannan ƙofa, ayari ya koma Lome, ya ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, motoci su yi makonni suna jiran a tara su. Talaka ne ya biya wannan a farashin shinkafa da magani. Ƙasar da ta ga haka tana neman ƙofa ta biyu, kuma Maraɗi ta fi kusa da Kano a kan Yamai.

Mai riɗi, Dawanau: Ban musa wahalarku ba, ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Amma ƙofar da kake faɗa, ina ta ɓulle? Jirgi ya taso Maraɗi, ya wuce Jibiya, Katsina, Daura, Kazaure, ya iso Kano. Daga nan fa?

Injiniya: Tambayar Alhaji tana kan hanya. Dogo iri biyu ne a ƙasar nan. Tsohon na zamanin Turawa faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, ya haɗa Legas da Ibadan a 2021 har cikin Apapa, na Kaduna zuwa Kano kuma an sa hannu a aikinsa. Babban giɓin yana tsakanin Ibadan da Abuja. Kafin a cike shi, kwantenar da ta taso Maraɗi sai an sauke ta, a mayar da ita kan tsohon layi ko kan tirela. Kowace saukewa kuɗi ce, kuma kwana ne.

Hajiya, Kantin Kwari: Injiniya, ko an cike giɓin akwai sauran aiki. An buɗe tashar tsandauri, wato tashar kwantena ta kan tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki a farkon 2023, aka ce kaya za su zo a rufe, kwastan su duba a nan gida. Amma sai kamfanin jirgin ruwa ya yarda ya rubuta Kano a takardar kaya, ya kuma yarda kwantenarsa ta yi nisa da teku, alhali yana so ta dawo masa da wuri. In bai yarda ba, dole ejan mai karɓo kaya daga kwastan ya fitar da su a Legas, ana ƙirga mana kuɗin jinkiri kullum. Mu masu shigo da yadi nan ne ribar take zurarewa.

Mai riɗi, Dawanau: Hajiya, a nan ma ni da ke abokan juna ne. Kwantenar da ta kawo miki yadi, in ta koma da riɗina ba ta koma fanko ba, kuɗin ɗauko ya ragu mana duka.

Baba Malam: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe shi har Legas. Turawa auduga suke hange, manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi suka koma mata, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka wayi gari da dalar gyaɗa. Alhaji zai ce ai wancan ya kai teku, gaskiya ne. Amma ku lura, abin da masu shimfiɗa shi suka tsara daban, abin da mutane suka yi da shi daban. Shanu, wake, albasa, siminti, taki, duk suna kai-komo tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi tun kafin a haifi kowa a cikinku, kuma ba ruwansu da jirgin ruwa. Kada a raina cinikin maƙwabci.

Direban tirela: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni da nake kan titin, abin da ke cinye mu shingaye ne da ramuka da tsadar gas. Tsakanin Legas da Kano sai ka gaji da tsayawa, kuɗin da aka karɓa kuma a kan buhu yake sauka. Jirgin ƙasa ɗaya yana jan kayan tireloli da yawa, ba mai tare shi a daji ya ce kawo takarda. Ba na tsoron ya kashe mana sana'a, ai daga tasha zuwa kasuwa mu ne dai.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da nake tsoro daban ne. Dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso yana nan kwance ba ya aiki, saboda bai haɗu da na Benin ba.

Mai riɗi, Dawanau: To ka ga maganata ke nan! Mu ma ga tashar jirgin ruwa ta Baro a bakin kogin Kwara, an ƙaddamar a 2019, babu hanyar kirki da za ta kai mata kaya. Tashar ruwan Lekki ta Legas mai zurfin da manyan jirage ke shiga an buɗe ta a 2023 ba tare da dogo ba.

Ɗan Maraɗi: A'a, Alhaji, ba ɗaya ba ne. Na Dosso ya tsaya a inda babu babbar kasuwa, wannan kuwa zai ƙare a Kano. Sharaɗina guda ne, iyaka ta zauna a buɗe. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe ta, a 2023 aka sake rufewa. In za a ci gaba da haka, wa zai zuba jarinsa a sito a Jibiya?

Injiniya: Wannan kam sai gwamnatocin biyu sun zauna sun rubuta yarjejeniyar wucewar kaya, a duba kwantena sau ɗaya, a manna mata hatimi ɗaya daga Apapa har Maraɗi. Hajiya, ke da kike hulɗa da su kullum, ejan-ejan na Legas za su so haka kuwa?