Rabon zango ko tarayyar zango?

'Yan'uwa, ina so mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da injiniyoyin sadarwa ke kira multiple access, wato ƙa'idar da ke ba wayoyi da yawa damar amfani da zango ɗaya, wani na kira, wani na jan data, ba tare da sun cakuɗe ba.

Wani malaminmu ya kawo "rabon layi". Allah gafarta Malam, ban gamsu ba. Layi a bakin mutanenmu shi ne sim. Kana cewa rabon layi za a zaci kyautar sim ake yi. Zango kuwa masu sauraron rediyo sun san shi tun zamanin gajeren zango.

Saura kalmar "rabo". Ta dace da GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001: kowane zango mai faɗin kilohaz 200 an yanka lokacinsa gida 8, kowace waya ta yi magana a gidanta ta saki, zagayen ya dawo kanta cikin kimanin milisakan 4.6. Wannan TDMA ke nan, kuma sunansa yana hannunmu: karɓa-karɓa. Murya irin wannan tsari take so, don ba ta jure jinkiri.

Amma data zuwanta kamar ruwan bazara ne, ta zubo ta ɗauke. A tsarin ALOHA na Jami'ar Hawaii, mai haɗa kwamfutoci ta rediyo, wanda ya fara aiki a 1971 ƙarƙashin jagorancin Norman Abramson, ba a raba wa kowa komai ba. Mai saƙo ya aika. In ya yi karo da na wani, kowa ya dakata na ɗan lokaci ya sake. Kusan kashi 18 cikin 100 na zangon kaɗai ake mora a haka. WiFi ya gyara da kasa kunne: sai na'ura ta ji shiru take tankawa. A wani tsarin wayar salula mai suna CDMA kuma kowa na magana lokaci guda, kowa da lambar sirrinsa, kamar kasuwar da Bahaushe ke tsinto Hausa cikin hayaniyar harsuna.

To ina rabo a nan? Babu. Shi ya sa na tsaya kan "tarayyar zango". Tarayya ta ɗauki mai gidan kansa, ta ɗauki mai jiran shiru.

Na WiFi ne nake jiran shawararku. Ni "saurara-ka-tanka" na rubuta, sai dai ya yi mini tsawo a baki.