Ajina yana gadon QWidget da wani aji, __init__ ya rikice

Ɗalibar Python: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a duba min wannan. Muna mayar da wata tsohuwar manhaja daga PyQt4 zuwa PyQt5 (laburaren gina tagogin manhaja a Python), tunda Python 2 ya daina samun gyara tun 2020. Wanda ya rubuta ta bai bar bayani ba, kuma an hana ni sauya tsarinta, aikina kawai ta tashi. Akwai ƙaramin aji mai suna MaiRajista, yana buɗe fayil ya riƙa rubuta abin da ke faruwa. Kowace taga gado biyu take yi, na QWidget (ajin taga na PyQt) da na MaiRajista:

`class Taga(QWidget, MaiRajista):`

A cikin `__init__` ana kiran `QWidget.__init__(self)`, sannan `MaiRajista.__init__(self, "taga.log")`. Da PyQt4 lafiya lau. Yanzu sai ta ce `missing 1 required positional argument: 'fayil'`, alhali ga shi na miƙa. Na sa wa fayil ƙimar asali, kuskuren ya tafi, amma kowane layi sau biyu yake fitowa a rajistar. Ina matsalar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba layinki na biyu ne ke faɗuwa ba, na farko ne. A PyQt5, idan `__init__` na QWidget ya gama nasa, yana miƙa kira ga ajin da ke biye a jerin gado, tare da duk ƙimar mai suna da bai yi amfani da ita ba. PyQt4 ba ya yin haka. Buga `print(Taga.__mro__)` ki gani: Taga, QWidget, QObject, sai azuzuwan sip (mai haɗa Python da Qt) da QPaintDevice, sannan MaiRajista, a ƙarshe object. To QWidget ne ya kira MaiRajista hannu wofi, shi ne kuskuren farko. Da kika sa ƙimar asali kiran ya wuce, ke ma kika sake kira. `getLogger` na laburaren `logging` da suna ɗaya abu ɗaya yake dawowa da shi, `addHandler`, wanda ke ƙara mai rubutu a fayil, ya gudana sau biyu, layi ya fito biyu. Gyara: share layukan nan biyu, sa ɗaya:

`super().__init__(parent=parent, fayil="taga.log")`

A MaiRajista kuma `def __init__(self, fayil, **kw)`, layinsa na farko `super().__init__(**kw)`. Cire ƙimar asalin nan, ɓoye ciwo kawai take yi.

Mai Gyaran Kod: Ni dai a sa MaiRajista a gaba: `class Taga(MaiRajista, QWidget)`. Haka aka saba da irin waɗannan ƙananan azuzuwan, su ne a hagu. Amma kar a manta da super a cikinsa, in ba haka ba za a ga `super-class __init__() of type Taga was never called`.

Ɗalibar Python: Malam, ba zai yiwu a gaba ba. MaiRajista yana da nasa `close` mai rufe fayil. In ya shiga gaba, maɓallin fita ya kira `self.close()` sai fayil ya rufe, taga tana nan.

Injiniya: To ai wannan ne ya kamata ki fara faɗa. Ke nan yanzu, da yake yana baya, `self.close()` na QWidget ake samu, naki ba a taɓa kiransa ta wannan hanyar. Fayil ɗin a buɗe yake zama. Sauya masa suna zuwa `rufe_rajista`, ki kira shi a cikin `closeEvent`, sannan `super().closeEvent(event)`. Kuma ki cire mai rubutun da `removeHandler`, in ba haka ba duk tagar da aka sake buɗewa ƙarin layi ce.

Tsohon Hannu: Abin da ke ɓata min rai ke nan. Taga ba rajista ba ce, rajista take da ita. Me ya kawo gado? `self.rajista = MaiRajista("taga.log")`, magana ta ƙare: babu jerin gado, babu karon suna. QWidget yana da ɗaruruwan sunaye, yau `close`, gobe `update` ko `size`. Darussan intanet suna koya wa mutane gado a rana ta biyu, sai kowa ya ɗauka shi ne maganin komai.

Mai Gyaran Kod: Gaskiya ne. Har akwai masu haɗa QObject da ABC (abstract base class na Python), su sha `metaclass conflict`, su zo suna zagin laburaren.

Ɗalibar Python: Na ji, amma tagogi sun kai talatin, kowacce tana kiran `self.rubuta` kai tsaye a wurare da yawa. Ba ni na zaɓi gadon ba. Kuma kiran kowane aji da sunansa ya fi min bayyana, ina ganin wa aka kira da idona. Ba zai yi ba in sa sharaɗi kawai, in akwai mai rubutu kar a ƙara wani?

Injiniya: Layin zai daina ninkuwa, amma `__init__` na nan yana gudana sau biyu. Kuma kiran farko ne zai ci, mai ƙimar asali. Duk tagar da ta miƙa wani sunan fayil daban, a taga.log za ta riƙa rubutu, ba tare da wani saƙon kuskure ba. Kiran da suna ba ya nuna miki wa aka kira, ga shi QWidget ya kira wani ba ki gani ba. Layi ɗaya ne a kowace taga, 'yar'uwa. Ki tabbata kin miƙa fayil da sunansa, domin wanda aka jera ba suna QWidget zai ɗauka nasa ne ya ƙi shi.

Tsohon Hannu: Ko ta sa aikin `rubuta` guda ɗaya da zai miƙa wa `self.rajista`. Gadon dai a cire.

Ɗalibar Python: Na gode muku duka. Na sa sharaɗin tukunna, layi ɗaya yake fitowa. Amma akwai taga ɗaya mai gadon QDialog da wani aji na uku, ita har yanzu ba ta tashi.

Injiniya: Turo `__mro__` ɗinta da saƙon kuskuren gaba ɗaya, daga layin farko.