Bargon guntayen atamfa: me za mu sa a tsakiya don kada ya dunƙule?

Maman 'yan biyu, Birni

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu ɗinki ce, musamman wanda ya taɓa haɗa bargo da guntayen yadi.

Mu wasu mata ne a nan Birni, cikin Damagaram, muna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a gidan ɗayarmu. Adashe ne asalin haɗuwar. Da aka ga ana zuba kuɗi cikin minti kaɗan sauran lokacin duk hira ce, sai babbar cikinmu, wadda muke kira Inna, ta fara zuwa da ledar ƙyallaye tana rarraba mana allura. Ni ba tela ba ce, aikin ofis nake yi. Keken Butterfly na ƙafa da aka sa mini cikin kayan aure ya daɗe yana shan ƙura kafin wannan abu ya taso, yanzu kuwa ba na son Asabar ta wuce ni.

Guntayen daga telolin Kasuwar Dole muke samo su, an fi dacewa bayan sallah lokacin da kowane shago ya cika da ragowa. Saman bargon ba ya ba mu wahala. Mun yanka kwali mai santimita 12 kowane gefe, muna ɗora shi muna zanawa da alli, ɗinki ya ci santimita guda ta ko'ina, sai a tashi da murabba'i mai 10. Bargo mai faɗin mita ɗaya da rabi, tsawon mita biyu, yana cin guda 300, jeri 20 kowane jeri 15. Idan aka shimfiɗa su a tabarma ana canza musu wuri, wannan ta ce shuɗin ya yi yawa a gefe, waccan ta gane atamfar ankon bikin ƙanwarta, nan daɗin abin yake.

Matsalar tana ciki. Wanda muka gama kafin hunturun bara, audugar masu katifa muka shimfiɗa tsakanin saman da shafin, muka bi shi da layukan keke tazarar kusan taƙi ɗaya. Ya yi kyau, ya yi ɗumi, jikokin Inna sun sha shi duk Janairu. Ranar da aka wanke shi kuwa audugar ta tattaru curi-curi kamar dawo, wani wurin tudu wani wurin wayam. Jan da ke ciki ya zuba a kan fararen. Ga nauyi idan ya jiƙe, mace biyu ne suka matse shi, kuma kun san yadda ruwa yake a garin nan, ba abin da za a yi ta ɗauraya ba ne.

To me ya kamata mu sa a tsakiya? Yaya ake hana zuba?

Sai ta biyu, wadda ta fi damuna. Wasu cikinmu sun ce mu fara yi na sayarwa, tunda teloli ma sun fara cewa sai mun biya kuɗin leda. Ni dai don hutun rai nake zuwa, ina tsoron ranar da ciniki ya shigo Asabar ɗin ta zama wata ranar aiki.

Tela daga Zango

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannunku da ƙoƙari.

Zuba tukuna. Kada almakashi ya taɓa ƙyalle sai an wanke shi. Ku ware masu duhu daban, masu haske daban, ku jiƙa, ku shanya, ku goge. Wanda kuke shakka, a jiƙa shi a murza a kan farin tsumma; in ya bar launi, a ajiye shi gefe. Za a ce muku ku zuba gishiri a ruwan, ni dai ban taɓa ganin gishiri ya tsayar da jan da ya yi niyyar zuba ba. Wankin yana da wani amfanin: yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, na roba ba ya tsukewa, to in kun haɗa su ba wanki, ɗaya ya ja ɗaya ya tsaya, bargon ya karkace.

Kuma ba duk abin da aka kira atamfa ne auduga ba. Ku zare ɗan zare ku kunna masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Shadda kada ku gwama ta da atamfa a bargo ɗaya, ta fi tauri, rininta kuma ya fi saurin zuba. Wajen ɗora kwalin nan ku bi tsayin zaren yadin. Abin da aka yanka a karkace miƙewa yake a ƙarƙashin keke, shi ya sa kusurwoyi ke ƙin haɗuwa.

Batun ciki, audugar katifa sakakkiya ce, ba abin da ya riƙe ta sai ɗinkin da kuka yi. Tazarar taƙi ɗaya ɗaki ne guda kuka ba ta ta yi yawo. In dole sai ita, layukan kada su wuce yatsa biyu zuwa uku tsakaninsu, a tsaye da a kwance, wannan kuwa aiki ne ja. Shawarata ku shiga wajen 'yan gwanjo ku nemi tsohon bargo marar kauri ko zanen gado mai gashi-gashi. Abu ne saƙaƙƙe, ba inda zai je.

Kafin ku kai keke, ku shimfiɗa ukun a ƙasa, shafi ya fi saman faɗi da kamar santimita 5 kowane gefe, ku kama su da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki. A keken ma daga tsakiya za ku fara. Allura lamba 16, a buɗe ɗinkin ya yi tsawo, a ɗan sassauta noti na sama mai danne ƙafar keken. In ba haka ba, haƙoran ƙasa suna jan shafi, ƙafar tana tare saman, ki isa ƙarshe ki tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kuɗin leda kuma Hajiya a yi mana adalci, masu cusa matashin kai ma suna zuwa nema. Abin da zan ce ku kula da shi daban ne: in kun ga ƙyalle babba wanda zai yi ɗankwali ko rigar jariri, ku tambayi telan ko mai kayan ya yafe. Wannan haƙƙin mai yadi ne, ba na tela ba.

Tsohon malamin lakwal, Mirya

Ɗiyata, abin da kuke yi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ki lura da dawaki ranar hawan sallah a ƙofar fada. Lifidin da ake sa wa doki, yadi ne sama da ƙasa, a cusa auduga a tsakiya, galibi ta rimi, a bi shi da ɗinki kusa-kusa, wani har da launuka a haɗe. Da irinsa mayaƙan Damagaram da na Barno da Kano suke tare kibiya. Sai dai kada wani ya ji haka ya ce ku sa audugar rimi a bargo. Tana da santsi, ba ta kama juna, lifidi kuma ba a kai shi wanki duk wata.

Tufa mai faci-faci ma tana da tarihi wajen masu zuhudu. Mabiyan Mahadi a Sudan, cikin shekarun 1880, jibba mai faci suke sawa. 'Yan Baye Fall na Senegal, almajiran Shehu Ibra Fall cikin Muridiyya, har gobe da riguna masu haɗe-haɗen launi ake gane su.

Amma abin da zai yi muku amfani shi ne dabarar matan Bangaladash da gabashin Indiya. Su ba sa sa auduga ko kaɗan. Tsofaffin zannuwansu da suka yi laushi suke jerawa, uku ko huɗu ko fiye, su bi su da ƙananan ɗinkin hannu layi-layi har su zama abu ɗaya. Wace ce cikinku ba ta da zanen da ya koɗe a ƙasan akwati? Ya riga ya sha wanki, ya gama zuba, ya gama tsukewa, kuma ba ku biya kowa ko dala ba. Sanyinmu daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ne, da asuba yake cizo, ba ya bukatar abin da zai danne yaro ya kasa juyi.

Wata 'yar Maraɗi

Yaya, kan maganar sayarwa, ku yi lissafi kafin ku yi gardama. Guntaye 300, a wanke, a goge, a yanka, a jera, a ɗinke, sannan a zo haɗin ciki. Ku ƙirga hannu nawa da Asabar nawa, ku je kasuwa ku tambayi kuɗin bargon China mai laushin nan da ke cikin jaka. Mai saye da shi zai gwada naku, ba ruwansa da wahalarku. In masu son ciniki sun matsa, su yi ƙananan abubuwa a gidajensu: rigar matashi, shimfiɗar jariri, jakar lakwal. Waɗannan suna fita. Babban bargo ku bar shi na kyauta.

Maman 'yan biyu, Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa matan duka jiya.

Baba, maganar zannuwa ta shiga, sai dai mun ɗan raba: Inna ta ce zane uku ba zai ishi tsoho ba, ita bargon gwanjo za ta sa a nata. Mu kuma za mu gwada zannuwan a na jariri, akwai mai haihuwa cikinmu kafin sanyi. Ɗinkin hannun ma ya fi dacewa da mu, don keke mutum ɗaya ke hawa sauran su zauna kallo, amma in an shimfiɗa a tabarma kowa na da gefenta.

Malam tela, mun gwada ashanar. Abin da muka ɗauka atamfa ce mai kyau, kusan rabin ledar narkewa ya yi, har da wata mai ruwan ganye da nake ta ɓoyo don tsakiyar bargo. Na roban mun ce za mu haɗa su su kaɗai. Maganar manyan ƙyallaye kuwa ta sa wasu sun yi shiru, don akwai su a ledarmu.

Ciniki ba a gama ba. Biyu daga cikinmu sun ce za su fara rigunan matashi, an yarda, da sharaɗin ba za a kawo aikin oda wajen haɗuwa ba, kuma zare da guntayen da aka saya da kuɗin kowa ba za su shiga ciki ba. Ɗayar ba ta ji daɗin sharaɗin ba, mun dai bar shi haka.

Saura abu ɗaya Malam: na ɗinkin hannun, zaren keke zai riƙe in an ninka shi biyu, ko mu nemi mai kauri irin na masu aikin hula?