Wa zai biya kuɗin igiya zuwa gidan ƙarshe?

Malam Mai Tawada:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ga baitoci kan kuɗin da gwamnatoci ke warewa don kai intanet mai sauri karkara. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Ubangiji nake farawa,
Shi ne mai bayarwa, mai hanawa.

Zancena na intanet ne mai sauri,
Da ƙauyukan da har yau ba ta kaiwa.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta yi ƙirga,
A 2024 take faɗawa:

Mutum biliyan 2.6 a duniya
Ba sa kan intanet, ba sa hawa.

Biliyan 1.8 daga cikinsu
A karkara suke, nesa da kulawa.

Kashi 83 na 'yan birni suna kai,
Na ƙauye 48, abin damuwa.

Kamfani ɗan riba ne, ban zarge shi ba,
Inda cinkoso yake, can yake zuwa.

Layi guda a birni gida dubu ne,
A daji gida biyar, tazara mai yawa.

Wa zai haƙa ramin kilomita goma
Don gida biyar, in ba a tallafawa?

Shi ya sa na ce baitulmali ya shigo,
Haka titi da lantarki suke samuwa.

Amurka ma sai da ta yi doka a 1936
Manomanta suka ga fitila na kamawa.

Akanta:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni aikina duba takardun kuɗi ne, ga tawa.

Malam, na ji, ban musa maka ba,
Buƙatar ƙauye ban raina ta ba.

Amma kuɗin jama'a amana ne,
Ba a zuba shi inda ba a auna ba.

A 2020 Amurka ta yi gwanjon tallafi,
Tsarin a takarda bai yi muni ba.

Wanda ya nemi kuɗi mafi ƙanƙanta
Shi ya ci yanki, ko da bai iya ba.

Alkawarin dala biliyan 9 da 'yan kai,
Da yawa suka janye, ba su haƙa ba.

A 2022 hukumar sadarwar Amurka, FCC,
Ta ce wa Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan Adam, ba za ta biya ba.

Dala miliyan 885 ta soke,
Ta ce sharuɗɗanta ba su cika ba.

Garuruwan da aka ɗaure da alkawari
Suka yi ta jira, ba su ga kowa ba.

Injiniya:
Yaya Akanta, ka faɗi gaskiya,
Sai dai ka tsaya a rabin hanya.

Ciwon daga taswira ya taso,
Tun kafin a sa hannu a yarjejeniya.

Da can a Amurka in gida guda tal
Ya samu layi a yanki gaba ɗaya,

Sai a rubuta yankin ya wadata,
Sauran gidaje an bar su a baya.

Sai 2022 aka sake zane,
Gida-gida ake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Da shi aka raba kuɗin BEAD, shirin kai intanet,
Dala biliyan 42 har da ɗoriya.

Ni da nake haƙa, ga abin da nake gani:
Faiba gilashi ce, siririya.

Kaurinta bai fi silin gashi ba,
Haske ke binta da saƙon duniya.

Ita kanta ba ta da tsada sosai,
Rami ke cin kuɗi, da izinin bin hanya.

Dutse a fasa, kogi a bi ta ƙarƙashi,
Kowane ofis yana jiran a biya.

Mun gama, sai masu gyaran titi su zo
Da katafila, su tsinke igiya.

Sai mu zauna bakin rami da na'ura,
Mu datse baki biyu, mu narka su zama ɗaya.

Ƙura kaɗan in ta hau kan gilashin,
Haske ya raunana, aiki ya koma baya.

Kuɗin ginawa kowa na son sanarwa,
Kuɗin gyara kuwa shi ne maraya.

Inna Mai Jinya:
Ɗana Injiniya, sannu da rana,
Zo ka ji yadda take a wurin aikina.

Ƙaramin asibiti, likita na nesa,
Sai hoto nake aika masa ya auna.

Mace mai ciki, jininta ya hau,
Hoton sikanin na kan wayar hannuna.

Na danna turawa, da'ira na ta juyi,
Rabi ya tafi, rabi ya ƙi, raina na ƙuna.

Na fita waje ina ɗaga waya sama,
Ita tana ciki tana kiran sunana.

Ga turken sabis can ina hangensa,
Batirinsa ya mutu tun faɗuwar rana.

In za a ware kuɗin intanet,
A sa wuta a lissafi, shi ne roƙona.

Sola da batir da mai kula da su,
In babu, ƙarfe ne kawai tsaye a gona.

Autan Zaure:
Inna, Allah ya saka miki da alheri, ita kuma ya ba ta lafiya.

Iyayena, ku ba ni izini in sa baki,
Me ya sa dole sai an haƙa ƙasa?

Ga tauraron ɗan Adam na shawagi,
Faranti guda ya jawo shi daga bisa.

Ostareliya ta harba nata a 2015,
Sky Muster, don mazauna can nesa.

Shi yana sama da nisan kilomita 36,000,
Saƙo kan ɗan jinkirta kafin ya isa.

Na yanzu 'yan ɗaruruwan kilomita suke,
A yi hira ta bidiyo tamkar ana kusa.

Tsibiri da tsauni da tsakiyar hamada,
Inda katafila duk ta kasa,

A saya musu faranti da kuɗin tallafi,
Yau a kafa, gobe kowa ya samu nasa.

Injiniya:
Auta, ga gidan da ke tsakar daji,
Na yarda, faranti ne mafita ɗaya.

Amma ƙarfin tauraro rabawa ake,
In gari ya hau, sauri ya ja baya.

Shekara biyar ko kusa yake aiki,
Sannan ya ƙone a sararin samaniya.

Faiba kuwa 'ya'yanka za su gada,
Na'urar bakinta kawai za a sauya.

Malama Mai Alli:
Yayyena, akwai sauran zance ciki,
Igiya a bakin gari ba ta shiga ɗaki.

Indiya ta soma tun 2011,
BharatNet ake ce da wannan aiki.

Majalisun ƙauye 250,000 aka nufa,
Daga ofis zuwa gida nan aka ci birki.

Ɗalibata akwai sabis a unguwarsu,
Waya ɗaya ce, uba ya tafi da ita aiki.

Ya dawo da dare, data ta ƙare,
Ta zo aji da safe ba ta buɗe baki.

Na tambaye ta darasin da na tura,
Ta sunkuyar da kai tana murza alli a benci da ɗoki,

Tana son ta amsa, ba ta gani ba,
Ba ƙyuya ba ce, ba kuma raki.

Amurka ta taɓa rage wa talaka kuɗin intanet na wata,
Gida miliyan 23 suka shiga ciki.

A 2024 asusun ya ƙare,
Majalisa ta yi shiru, abin mamaki.

Akanta:
Malam, na sauko, amma da sharaɗi,
Ba zan sa hannu a kan kilomita ba.

A biya kamfani kan gidan da ya kama,
An gwada saurinsa, ba faɗi da baki ba.

Ramin da jama'a suka biya nasu ne,
Kamfani ɗaya bai isa ya kulle shi ba.

In ana gina titi a binne bututu tare,
Haƙa sau biyu bai kamata ba.

Wanda ya karɓa ya gudu, ya mayar da kuɗi,
Kuma ba zai sake shiga gwanjo ba.

Injiniya:
Yaya, ukun ƙarshe na sa hannu,
Na farkon ne nake ganin da ƙaya.

In sai an gama za a biya, wa zai fara?
Sai babban kamfani mai tarin dukiya.

BEAD ta nemi takardar lamunin banki,
Kashi 25 na tallafi, ƙanana suka ce an toshe hanya.

Sai a 2023 aka sassauta,
Bayan sun kai kuka gaba ɗaya.

A Lankasha ta Ingila, 2011,
Mutanen karkara suka kafa B4RN, ƙungiya.

Manoma suka bari a ratsa gonakinsu kyauta,
Da hannunsu da tarakta suka binne igiya.

Irin waɗannan ba su da jarin jira,
A ba su kashi-kashi, ana dubawa ana biya.

Ka buɗe littafinka, Yaya Akanta,
Kashi nawa za ka saki a farkon tafiya?