Sauya robar ƙafar baya a gida: abin da aka tsayar a fada

Jiya da dare a fadarmu ta Tahoua, hira ta koma kan tsohuwar mota Starlet ta maƙwabcina, wadda bayanta ke ƙwanƙwasa a kowane rami. Silambulok ne ya mutu, wato robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar baya.

Wani tsohon makanike ya ce kada a yarda da kirik, abin ɗaga mota, shi kaɗai, a tokare motar da kututture. A jiƙa kusoshi da gazuwal tun dare. In roba ta kafe, a yanka zoben ƙarfenta da zarto. Sabuwar kuma, doguwar kusa da guntun bututu za su tura ta, da ruwan sabulu, ba man inji ba, don yana cin roba.

Inda ya fi nanatawa: "Yaro, kada ka ɗaure kusoshin tamau sai tayoyi sun taka ƙasa, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage." A sauya gefe biyun tare.