Kalmar "release" a Hausa: saki, sallama ko sahalewa?

1/ Jama'a, wata kalma ta tsaya mini a rai kwana uku. Wani ƙanena da ke zaune a Ingila yana cikin ƙungiyar masu kiwon tsofaffin motoci, kuma shi ke haɗa musu mujallarsu. Ya turo mini takardar da suke ba mai mota ya sa hannu kafin su buga hoton motarsa, wadda Turawa ke kira "release". Ya ce, Yaya, ba ni Hausarta. Na ce izini mana. Ya ce ai izini daban yake, wannan daban. Nan fa gizo ke saƙar.

2/ Gaskiyarsa, abu biyu ne. Ɗauki jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi daga Landan zuwa Brighton ranar Lahadi ta farko a watan Nuwamba. Motocin da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ke shiga, suna tashi daga Hyde Park su yi tafiyar kusan mil 60, don tunawa da sassauta dokar gudun mota da aka yi a 1896. A kan titin gwamnati ake yi, saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin hanya da kyamararsa ba ya buƙatar tambayar kowa. Amma bikin tsofaffin motoci na Goodwood Revival, wanda aka fara a 1998, a filin mutum ake yinsa, a gandun Duke na Richmond. Mai wuri shi ke gindaya sharuɗɗa, kai kuma da ka sayi tikiti ka yarda da su ke nan. Wannan shi ne izinin ɗauka, kuma kalmar izini ta wadatar da shi.

3/ Ita kuwa "release" ba ruwanta da lokacin ɗauka. Hoto ya riga ya shiga kyamara. Tambayar ita ce, me za a yi da shi? Kamfanonin sayar da hotuna irin su Getty Images da Shutterstock ba sa karɓar hoton mutum don talla sai da wannan takarda. Hoton da za a sa a labari ba a cika neman ta a kansa ba, kuma mujallar ƙungiya ta fi kusa da labari. Ƙungiyoyin suna nema ne don ladabi da gudun ƙorafi.

4/ To ga kalmomin da muka auna.

Saki: ita ce fassarar kai tsaye, kuma ita ta fara faɗuwa. Ka miƙa wa magidanci takarda a bainar jama'a ka ce masa, Alhaji, sa hannu a takardar saki. Ka ga yadda za ta kaya.

Sallama: wani ɗan'uwa ya dage a kanta, kuma na fahimce shi. Sai dai takardar sallama ta asibiti ce, ko ta kora daga aiki. A kasuwa kuma in mai kaya ya ce "na sallama", kaya sun bar hannunsa ke nan. Mai motar nan bai sayar da komai ba. Hasali ma hoton ba nasa ba ne balle ya sallama shi, haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne.

Lamuni: kunne zai tafi wajen bashi.

Amincewa: kalma ce mai kyau, amma mu adana ta. Dokokin kare bayanan mutane, irin ta Turai da ta fara aiki a 2018 da ta Najeriya ta 2023, suna da tasu kalmar yarda, kuma a can amincewa ta riga ta samu gurbi.

5/ Sahalewa ce ta rage, kuma ita na zaɓa. In an ce gwamna ya sahale a biya albashi, kowa ya san ma'anar: mai iko ya buɗe hanya a yi wani takamaiman abu, ikonsa kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. Tana kuma karɓar sharaɗi. Ƙanen nawa ya ba ni labarin wani dattijo mai Fijo 504 fara sol, irin wadda muka taso muna gani tun bayan da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Ya goge gaban motar da hannun rigarsa, ya ja baya don a ɗauka, sannan ya nuna lambar da yatsa ya ce a rufe ta kafin a buga. Tsoronsa masu kwafar lamba su maƙala wa wata motar, tara ta riƙa zuwa gidansa. Bai hana ba, bai kuma sallama ba. Ya sahale ne da sharaɗi.

6/ Saboda haka: takardar sahalewa. In fuskar mutum ce a hoton, sahalewar mutum. In motarsa ce ko gidansa, sahalewar dukiya. Ga yadda na rubuta masa layin farko: "Ni, mai wannan mota, na sahale wa ƙungiya ta buga hotonta a mujallarta, bisa sharaɗin a rufe lambar."

7/ A layin nan ma akwai inda ban gamsu ba. Ba rufe lambar ake yi da baƙi ba, hazo-hazo ake mayar da ita har ba ta karantuwa. Na gwada "a dusashe lambar", na gwada "a shafe lambar". Malaman Hausa, wacce ta fi zama a kunnenku?