Daga MARC zuwa BIBFRAME: ta ina za a kama?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Laburarenmu a nan Zariya da Koha muke aiki, wato manhajar gudanar da laburare, rekod ɗinmu duka MARC 21 ne, tsarin rubuta bayanan katalogi a gurabe masu lamba: littattafan Hausa, kundayen digiri, da 'yan rubuce-rubucen ajami. Ana so mu mayar da su bayanai masu sarƙe da juna a intanet. Juya su za mu yi kai tsaye zuwa BIBFRAME, tsarin da aka ƙera don ya maye gurbin MARC, ko da abin da za a fara? Kuma Koha ɗin ajiye shi za a yi?

Malamar Katalogi:
Wa alaikumus salam. Malam, ku bar Koha a inda yake, da shi za ku ci gaba da ba da aro. Juyawar kanta aikin yini ɗaya ce. Wahalar tana wajen sunaye.

A MARC, abin da ke gurbi na 100, misali "Imam, Abubakar", haruffa ne kawai, kwamfuta ba ta san mutum ba ne. A RDF kuwa, wato tsarin bayanan da BIBFRAME ya ginu a kai, kowace magana gaɓa uku ce: abu, alaƙa, da wanda aka danganta shi da shi, kuma ana so kowanne ya zo da adireshinsa na dindindin, wato URI. BIBFRAME 2.0, wanda laburaren majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2016, yana raba rekod gida uku. Work shi ne aikin kansa, kamar Magana Jari Ce. Instance shi ne wani bugu nasa. Item kuma kwafen da ke kan kantarku. Idan an rubuta sunan marubuci iri uku, injin juyawa zai haifa muku mutum uku.

Don haka ku fitar da rekod 500 a matsayin MARCXML, wato MARC a sigar fayil na XML, don gwaji. Ku buɗe su a MarcEdit, manhajar gyara rekod ɗin MARC, ku ciro duk abin da ke gurabe na 100 da 700 (sunaye) da 650 (maudu'i), ku zuba a OpenRefine, manhajar tsabtace bayanai, ku tara masu kama da juna, ku zaɓi siga ɗaya. Sannan ku nemi kowane suna a rumbunan intanet masu ba sunaye adireshi: id.loc.gov, VIAF da Wikidata. Adireshin rekod ɗin tantance suna, wato rekod mai tsayar da siga ɗaya ta sunan mutum, yana shiga ƙaramin gurbi na $0, adireshin mutumin kansa, kamar na Wikidata, yana shiga $1. Bayan nan ne za ku bi da fayil ɗin ta marc2bibframe2, injin da ke juya MARC zuwa BIBFRAME.

Kada ku yarda da haɗin da inji ya yi muku shi kaɗai. Muhammad Sani nawa ne suka rubuta littafi? In babu shekarar haihuwa ko sunan wani littafi da ya tabbatar, a bar gurbin fayau. Adireshin da ba daidai ba ya fi rashinsa ɓarna, domin duk wanda ya ɗauki bayananku zai gaji kuskuren.

Na Tudun Wada:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma akwai abin da ke gaba da sunaye: haruffa masu lanƙwasa. Tsohon tsarin haruffa na MARC-8 ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, shi ya sa rekod ɗin da aka kwafo daga waje suke zuwa da b, d, k zalla, ko da ɗigo a ƙasa, ko da wata alamar da aka liƙa a gefe. Ku duba matsayi na 09 a layin farko na rekod, wanda ake kira Leader: idan "a" ne, Unicode ne, idan babu kome, MARC-8 ne. Wani lokaci ana samun rekod yana cewa "a" alhali cikinsa tsohon tsari ne, shi ne harafi ke fitowa a dagule. Sai an daidaita wannan kafin a tara sunaye, in ba haka ba Ɗanjuma da Danjuma ba za su haɗu ba.

Ku duba gurbi na 008 ma. Matsayi na 35 zuwa 37 lambar harshe ce, ta Hausa "hau". Matsayi na 15 zuwa 17 ƙasar bugu ce, kuma a nan ake yawan tuntuɓe: a lambobin MARC Nijeriya "nr" ce, "ng" ta Nijar ce. Mai katalogi ya saba da .ng na intanet, sai ka ga littafin da kamfanin Gaskiya ya buga a Tudun Wada ya koma na Nijar.

Ajami kuwa gurbinsa 880, a ɗaure shi da gurbin boko ta $6. In ɗaurin ya tsinke, take na ajami ba zai san uwarsa ba. A RDF alamar harshe "ha" ce, ta ajami "ha-Arab".

Mai Kula da Saba:
Ƙari biyu. marc2bibframe2 yana ƙera adireshin kowane aiki ne daga gurbi na 001, ya ɗora shi a kan example.org idan ba ku canza baseuri ba, wato tushen adireshin. Koha kuma lambarsa ta rekod a 999 $c take, don haka 001 yakan zo babu kome, ko ya zo da lambar wani laburaren da aka kwafo. Rekod biyu masu 001 iri ɗaya za su narke su zama littafi ɗaya. Ku kwafe 999 $c zuwa 001 tukuna. Bayanan kwafe kuma Koha a 952 yake ajiye su, gurbi ne na gida, injin bai san shi ba, sai kun rubuta masa ƙa'ida.

Na biyu, sunan yankin da za ku ɗora adiresoshin a kai ya zama na hukuma, wanda ba za a bari kuɗinsa ya ƙare ba. A sa sakamakon a Apache Jena Fuseki, manhajar ajiye bayanan RDF, a gwada da SPARQL, harshen yi musu tambaya, amma saba (kwamfutar da ke ɗauke da bayanan) da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba wurin ajiye URI ba ne.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. To marubutanmu da babu su a VIAF fa, musamman masu kundayen digiri?

Malamar Katalogi:
Ku ƙera musu adireshi na gida daga rekod ɗin tantance suna da ke cikin Koha, da lamba, ba da suna ba, don suna yana canza rubutu. Wanda ya wallafa littafi kuma akwai majiya a kansa, a buɗe masa shafi a Wikidata a sa lambarsa ta Q a $1. Ɗalibi mai kundi ɗaya adireshin gida ya ishe shi, a rubuta sashe da shekara a gurbi na 502 don a bambanta shi da takwarorinsa.